YAUƘI A CIKIN BIDO DA BOKITI: ƊAURAYA BA WANKEWA BA CE

 A wannan fitowa za mu ajiye zancen iri da taki, mu shiga cikin gida mu tsaya a gindin randa. Kowa ya tashi ya juye ruwan da ya kwana biyu a bokitin roba, ko a buta, ko a bido, watau jarka, sa'an nan ya shafa yatsa a jikin abin daga ciki. Sau da yawa yatsan zai zame, a ji santsi kamar na kuɓewa, ga shi kuwa ruwan da aka juye garai yake, babu laka, babu tsutsa. Yawancinmu mukan ɗauraye mu sake cikawa. Hausawa kuwa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Wannan santsi yana da dalili, kuma ya shafi lafiyar yaranmu, da kajinmu, da nonon da muke kai wa kasuwa.

MENE NE WANNAN YAUƘI?

Babu ruwan rijiya, ko na tabki, ko na famfo, da ba ya ɗauke da ƙananan halittu waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Da yawansu ba su cutar da mutum, wasu kuwa su ne ƙwayoyin cuta. In ruwa ya zauna wuri ɗaya, waɗannan halittu ba su son yawo a tsakiyarsa, domin abinci ya yi ƙaranci a can. Ɗan maiƙo da ɗan ƙullu da ƙurar da suka faɗa cikin ruwan sukan manne a jikin mazubi, su kuwa sai su bi abincinsu su sauka a nan.

Da farko riƙon nasu ba shi da ƙarfi, ruwa kaɗai yana iya ɗauke su. Amma in an bar su, cikin sa'o'i kaɗan sai su fara fitar da wani abu mai danƙo kamar ƙaro, su lulluɓe kansu da shi. Cikin wannan lulluɓi suke hayayyafa. Akwai irin da, in ta sami abinci da ɗumi yadda take so, ɗaya kan zama biyu cikin minti 20. Mai lissafi ya ƙidaya: a sa'a 7 ɗaya ta wuce miliyan 2. A cikin ruwan sha ba su kai wannan sauri ba, amma zafin Afrilu da Mayu, lokacin da awon zafi ke wuce 40 a Tawa da Damagaram, yana taimakonsu ƙwarai. Bayan ƴan kwanaki sai lulluɓin ya yi kauri har yatsa ya ji shi. Masana suna kiransa biyofilm. Mu dai yauƙi muka sani.

Kowannenmu yana ɗauke da irin wannan abu a bakinsa. Dattin da ke kwanciya a kan haƙori da safe, wanda harshe ke ji, shi ne wannan. Tun a 1683 wani mai sayar da tufafi a garin Delft na ƙasar Holan, Antoni van Leeuwenhoek, ya kankaro dattin haƙoransa ya duba da madubin da ya ƙera da hannunsa, ya ga ƙananan halittu suna motsi. Ya kurkure bakinsa da ruwan binegar mai tsami ya sake dubawa, sai ya tarar na waje kaɗai suka mutu, na can ciki suna nan da ransu. Darasin da za mu riƙe ke nan. Mai kurkure baki kawai bai yi asuwaki ba. Haka nan wadda ta ɗauraye bokiti ba ta wanke shi ba. Lulluɓin nan garkuwa ne: ruwa yana bi ta kansa ya wuce, magani ma yana cin na sama ya bar na ƙasa, sai an sa hannu an goge.

ME YA SA ROBA TA FI KAMAWA?

Randa ma tana yin yauƙi, tulu yana yi, ƙwarya tana yi. Amma akwai abubuwa huɗu da suka sa kayan roba suka fi ba mu wahala.

Na ɗaya, roba tana son maiƙo. Duk wadda ta taɓa zuba miya a robar abinci ta san yadda man ke manne mata fiye da kwanon ƙarfe. Maiƙon nan kuwa abincin ƙwayoyin ne. Ku tuna kuma yawancin jarkokin nan masu ruwan ɗorawa, na lita 20 da 25, da man girki suka zo kafin su zama na ɗibar ruwa. In ba a fitar da man sarai ba tun farko, an riga an yi wa yauƙi shimfiɗa.

Na biyu, roba ba ta da tauri. Yashi, da sosan ƙarfe, da bakin wuƙa duk suna karce ta. Kowane karce, ko da ido bai gan shi ba, rami ne babba ga halittar da dubunta ba su cika kan allura ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na uku, ƙirar kayan. Bakin randa yana da faɗi, hannu yana kaiwa ko'ina. Bido kuwa bakinsa ƙanƙane ne, yana da lungu a kafaɗa, da rami a cikin mariƙi, da zare a bakin murfi. Hancin buta ma haka, babu yatsan da ke shiga. Waɗannan wurare ba su bushewa, ba a kuma goge su.

Na huɗu, zafi da haske. Randa tana tsatsafo, iska ta busa, ruwan ya yi sanyi. Roba ba ta tsatsafo, ruwan cikinta yana ɗaukar zafin rana ya riƙe. Farar roba kuma haske yana ratsa ta, abin da gansakuka ke bukata ke nan.

KOWANE LAUNI DA LABARINSA

Yauƙin da ba shi da launi, ko mai ɗan fari-fari, shi ne aka fi gani, kuma shi ne taron ƙwayoyin da muka bayyana.

Kore kuwa gansakuka ce, ƴar uwar wadda ke kan tabki. Ba ta rayuwa sai da haske. In kun ga kore a cikin bido, to an daɗe ana ajiye shi a rana, an kuma daɗe ba a goge shi ba.

Baƙaƙen ɗigo a gindin murfi ko a ƙarƙashin mariƙi yawanci fumfuna ce, mai son wurin da ke da laima kullum.

Akwai kuma mai ja-ja ko ruwan hoda, wanda akan gani a robar sabulu, da gindin robar wanke-wanke, da wurin kifa kwanuka. Sau da yawa aikin wata ƙwaya ce da ake kira Serratia, mai cin ragowar sabulu da maiƙo. Tana da tarihi. A 1819, a wani ƙauye kusa da birnin Paduwa na Italiya, tuwon masarar mutane ya riƙa wayewa da jajayen ɗigo kamar jini, tsoro ya kama gari. Wani matashi mai haɗa magunguna, Bartolomeo Bizio, shi ya nuna cewa wata ƙaramar halitta ce ke tsirowa a kan tuwon in an ajiye shi wuri mai ɗumi da laima. Mai ƙoshin lafiya ba ta cika damunsa ba, amma tana iya cutar da jariri, da majinyaci, da mai buɗaɗɗen rauni.

Kada a haɗa waɗannan da farin ɓawo mai kaushi da ke kama buta a garuruwan da ruwan rijiyarsu ke da nauyi. Wannan ba shi da rai, ma'adinin cikin ruwan ne ya daskare. Ruwan lemun tsami ko na tsamiya yana narkar da shi. Sai dai kaushinsa yana ba yauƙi wurin kamawa, saboda haka shi ma a fitar da shi.

INA HAƊARIN YAKE?

Ba duk yauƙi ne ke kwantar da mutum ba. Haɗarinsa shi ne ya zama masauki. Yaro ya fito daga bayan gida bai wanke hannu da sabulu ba, ya ɗauki moɗa ya tsoma a bokiti. In jikin bokitin fes yake, aka juye ruwan aka wanke aka shanya, abin da ya shiga ya fita. In kuwa akwai yauƙi, ƙwayar zawo ko ta atuni tana iya shigewa cikinsa ta fake, ta riƙa ɓallowa kaɗan-kaɗan cikin kowane sabon ruwa da aka zuba. Ƙwayar kwalara ma, watau cutar amai da zawo, ta iya yin nata lulluɓin.

Har wa yau, yauƙi yana shanye ƙarfin maganin ruwa. Ruwan famfon birni yana zuwa da ɗan magani a ciki. Ƙwayar tsabtace ruwa da ake jefawa a bido ita ma an auna ta daidai da ruwan ne. In bidon yana da kauri na datti, maganin zai ƙare a kan dattin, ruwan ya zauna ba mai tsaro.

Shi ya sa gari ke iya samun famfo mai kyau amma zawo bai bar yara ba. A 2004 wasu masana suka tattara sakamakon bincike 57 da aka yi a ƙasashe masu tasowa, suka ga cewa a wurare da yawa ruwan da ya fito da tsabta daga famfo ko rijiya yakan lalace ne tsakanin wurin ɗiba da bakin mai sha. A shekarar nan dai, zawo ya ɓarke a sansanin ƴan gudun hijira na Abu Shok da ke Darfur a ƙasar Sudan. Aka auna ruwan wuraren ɗiba, ba a sami abin zargi sosai ba. Sai aka bi jarkokin mutane aka wanke su da ruwan magani mai ƙarfi, cutar kuwa ta ja baya. Kafin wannan, a wani sansani na ƴan Mozambik a ƙasar Malawi, an raba wa wasu gidaje bokiti mai murfi da hanci, wanda hannu ba ya shiga. Zawon yara ƴan ƙasa da shekara 5 ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku a waɗannan gidaje.

Mu ma ba baƙin wannan masifa ba ne. A damanar 2018 kwalara ta tashi daga gundumar Madarunfa ta jihar Maraɗi, ta kama mutum fiye da 3,000. A 2021 ta dawo ta kama fiye da 5,000 a jihohi da dama, fiye da 150 suka rasu. Ƙasar da ta kori kurkunu, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ta shaida a 2013, ta san abin da ake iya yi in kowane gida ya kula da ruwansa. Sai dai a sani: ƙyallen tata da ya tsare mu daga kurkunu ba ya tare ƙwayoyin zawo, sun fi ƙofofinsa ƙanƙanta nesa ba kusa ba.

YADDA ZA A WANKE

Aiki huɗu ne, kuma a bi su bi da bi.

1. A juye tsohon ruwa duka. Kada a ƙara sabo a kan tsoho. Wanda aka juye ba asara ba ne, a ba itacen gida ko a yayyafa a tsakar gida.

2. A goge da sabulu da soso mai taushi. Sosan gargajiya ya isa, ko tsumma mai tsabta. Ruwa mai ɗumi ya fi fitar da maiƙo. In babu sabulu, tokar murhu da aka tankaɗe tana yanke maiƙo. A guji yashi da sosan ƙarfe a kan roba: yau za su sa ta haske, gobe yauƙin ya dawo ya tarar da sababbin ramuka. Don cikin bido, a ɗaura soso ko tsumma a kan sanda mai ɗan lanƙwasa, a bi kafaɗa da gindi da kusurwa. Hancin buta a zura masa tsumma a ja ta ɗaya gefen. Murfi da zaren bakinsa a bi su da tsohon burushin haƙori da aka keɓe don wannan aiki. Masu zuba tsakuwa su girgiza su sani tsakuwar tana ɓamɓaro datti, amma tana karce cikin. In dole ne, a zaɓi ƙanana masu sulɓi, a wanke su tukuna, kada kuma a mai da shi aikin kullum.

3. A sa ruwan jabel. Bayan an ɗauraye sabulun sarai, a haɗa awo 1 na jabel irin na kanti da awo 15 na ruwa, da kofi ɗaya za a auna duka biyun. Lita ɗaya ta wannan haɗi ta ishi bido. A rufe, a girgiza, a kwantar da shi ta kowane gefe, a bar shi rabin sa'a. Sa'an nan a zubar, a ɗauraye da ruwa mai tsabta har warin ya ragu. Wannan haɗi na wanke kaya ne, ba a shan sa. Kada a taɓa gauraya jabel da lemun tsami, ko tsamiya, ko wani maganin wanki, domin yana tayar da iska mai ƙona ƙirji da ido. A ajiye kwalbarsa a inuwa, nesa da yara, don rana tana kashe ƙarfinsa.

4. A shanya. A kifa kayan a kan wani abu da aka ɗaga sama da ƙasa, inda kaji da awaki ba su kaiwa, baki a buɗe, har cikin ya bushe ƙarau. Bushewa ita ce abin da yauƙi ba ya jurewa. In ya bushe a ɗauke, domin roba in ta daɗe a rana takan tsufa ta tsattsage. Gidan da ke da bido biyu ya riƙa hutar da ɗaya yana aiki da ɗaya.

Moɗa da kofi da buta, kullum. Bokiti da randa, duk lokacin da za a sake cikawa. Bido, a goge a sa jabel sau ɗaya a mako, in kuwa ana annoba a gari, a ƙara. Sosan kansa a wanke shi a rataye ya bushe, domin soso mai kwana cikin ruwan wanke-wanke shi ne babban gidan yauƙi. Robar da ta yi furfura don karce, ko wadda wari ba ya barinta bayan wanki, ta gama aikin ruwan sha. A mai da ita ta ban ruwan shuka.

BAYAN AN WANKE

Ƙanƙantar bakin bido ita ce wahalarsa wajen wanki, ita ce kuma amfaninsa, tunda hannu ba ya shiga. A tsiyayo ruwa, kada a tsoma komai. A daina toshe bakin da totuwar masara ko tsumma ko leda, a nemi murfi na gaske. Masu sa ganye a kan bokiti don kada ruwa ya yi tambal a hanya, su nemi murfi su ma. Randa kuwa a rufe ta da faifai mai tsabta, a sama mata moɗa mai dogon hannu, a rataye ta a ƙusa. Da moɗar ake ɗiba a zuba a kofi, ba a kai ta baki a mayar. Ruwan sha a ajiye shi a inuwa, a kan dutse ko benci.

In ana shakkar ruwan, a tafasa shi har ya yi ta ɓararraka minti ɗaya, ko a sa ƙwayar Aquatabs bisa awon da ke jikin takardarta, a jira rabin sa'a kafin a sha. Ruwa mai laka a bar shi ya kwanta a tace tukuna.

JARIRI, NONO, KAJI DA LAMBU

Iyaye mata, babu kayan roba da ya kai bibiro haɗari. Madara tana maƙalewa a bakinsa da wuyansa, zafi ya same ta, yauƙi ya kama cikin yini ɗaya. Ma'aikatan lafiya suna koyar da cewa jariri ya sha nonon uwa zalla har wata 6, ko ruwa ba ya bukata. In lalura ta sa dole a ba shi wani abu, ƙaramin kofi buɗaɗɗe ya fi, domin ana ganin cikinsa ana kuma goge shi. Yaron da zawo ya kama a jiƙa masa fakitin gishirin zawo a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a ci gaba da ba shi nono, a kai shi likita ba da jinkiri ba.

Makiyaya da masu sayar da nono da fura, in nononku yana tsinkewa ko yana wari tun kafin a kai kasuwa, ku duba bidon kafin ku zargi saniya. A fara ɗauraye shi da ruwa mara zafi da zarar an juye, sa'an nan sabulu da ruwan ɗumi, sa'an nan shanya. Bidon nono daban, na ruwa daban.

Masu kiwon kaji, robar ruwansu a goge ta kowace safiya kafin a zuba sabo. Kaji suna taka ta, suna zuba kashi da dusa a ciki, maganin da kuka saya kuka zuba kuma ya lalace a banza. Kwamin dabbobi ma a riƙa kwashe shi ana kankarewa. Masu lambu da ke ban ruwa da tiyo mai ɗigo, wannan yauƙi ne ke haɗuwa da laka ya toshe ƙofofin, wata albasa ta sha wata ta bushe. A rufe tankin daga haske, a wanke matata, a riƙa buɗe ƙarshen tiyo ruwa ya fita da ƙarfi. Kada a manta kuma, duk robar da aka yar a bayan ɗaki ta tara ruwan sama, cikin kwana 10 tana iya fitar da sauro.

GARGAƊI NA MUSAMMAN

Akwai bido ɗaya da babu wankin da ke gyara shi: wanda ya zo da maganin ƙwari, ko na kashe ciyawa, ko man inji. Roba tana shan dafin cikin jikinta, ta riƙa sakinsa a ruwa a hankali. Sabulu ba ya fitar da shi, jabel ba ya fitar da shi, rana ba ta fitar da shi. In maganin ya ƙare, a ɗauraye sau uku a juye ɗaurayen cikin famfon feshi, sa'an nan a huda gindin don kada wani ya tsinta ya kai gida. Mai sayen tsohon bido a kasuwa ya tambayi abin da ya zo da shi, ya kuma sansana.

AIKIN KOWA NE

Wankin ya fi faɗawa kan mata da ƴan mata, amma sabulu da jabel da murfi da bido na biyu daga aljihun maigida suke fitowa. Wanda ya auna kuɗinsu da kuɗin mota zuwa likita, da na ƙarin ruwa, da kwanakin noma da za a rasa ana jinya a tsakiyar damana, ya san wanda ya fi sauƙi. Ƴan garuwa kuma, bido ɗaya nasu yana shiga gida goma, saboda haka tsabtarsa hakkin unguwa ce duka. Kwamitin famfo na kowane gari yana iya sa rana ɗaya a mako, a tanadi sabulu da ruwan jabel a gefe, nesa da bakin famfon, kowa ya wanke nasa kafin ya shiga layi. Malaman makaranta su nuna wa yara gwajin yatsa, ƙungiyoyin mata su tattauna shi a taronsu, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Allah ya ba mu lafiya da damana mai albarka, ya tsare mana zuri'a da dukiya. Sai fitowa ta gaba.